Kuɗi da Rani, Yoyo da Damina

A ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, kuɗi yana da lokacin zuwansa. Sai kaka ta yi, an kai masara kasuwa, an shiga saran rake, masu dafa mazarƙwaila sun hura wuta, sannan tumatir da albasan rani sun biyo baya, manomi yake samun abin da zai taɓa ginin da ya daɗe yana kallo ba rufi. Wanda ya bi ta Gubuchi ko Gimi ko Hunkuyi tsakanin Disamba da Maris zai ji ƙarar guduma ta kowace kusurwa, ya ga sabon kwano yana ɗaukar ido. Rufin gida a wajenmu aikin rani ne. To, a nan gizo yake saƙar. Ana buga rufi a watannin da ko ɗigo ba ya sauka, a biya kafinta kuɗinsa cif, a haɗa masa da godiya da addu'a, alhali abin da zai nuna ko aikin ya yi ko bai yi ba yana can gaba da wata uku ko huɗu.

Jarrabawar rufi kashi biyu ce, kuma ba tare suke zuwa ba. Ta farko ita ce iskar bazara, wadda take tasowa daga gabas a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu da Yuni, ta turnuƙe gari da ƙura kafin ruwa ya sauka. Ita ba ruwanta da kyan kwano. Abin da take nema shi ne ko an ɗaure rufin da jikin gini. Ta biyu ita ce malka ta watan Agusta, ruwan da zai kwana ya wuni yana zuba, ya bi kowace ƙofa komai ƙanƙantarta. Yankin Zazzau yana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa cikin wata biyar zuwa shida yake sauka. Rufin da bai ga Mayu ba, bai ga Agusta ba, ba wanda ya isa ya rantse a kansa, ko da kuwa wanda ya buga shi ne.

Abin da nake son faɗa ke nan a wannan sharhi: yawancin rigimar da ake yi tsakanin masu gida da kafintoci ba daga mugun hali kaɗai take tasowa ba. Tsarin cinikin ne a karkace. Muna gama biya kafin alƙali ya zauna, sannan idan ya zauna ya yanke hukunci, babu sauran abin da ya rage a hannun mai gida sai lambar waya.

Ita kuwa lambar wayar, kowa ya san yadda labarinta yake ƙarewa. Daren ruwan farko uwargida ta kwana tana jera robobi da kwanuka a tsakar ɗaki, an naɗe katifa an jingine ta da bango, silin ya yi taswira ruwan ƙasa-ƙasa. Da asuba maigida ya kira.

"Malam, ɗakin nan fa jiya ba mu runtsa ba. Ta wuri uku yake zuba."

"Subhanallahi! Alhaji, ai ƙaramin abu ne, ƙusa ce ta goce. Ina wani ɗan aiki a Ikara, amma in Allah ya yarda jibi da sassafe ina nan."

Jibi ta zo ta wuce. Aka sake kira, ya ce rasuwa aka yi musu. Aka sake kira, yaronsa ya ɗauka ya ce Oga yana saman gini. Daga nan sai wayar ta koma ba ta shiga, ko ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ran da aka yi kiciɓis a kasuwa ko wurin ɗaurin aure, sai ya riga ka gaisuwa har da rusunawa, ya ce wallahi kana ransa. Mai gida kuma, da yake a gaban mutane ne, sai ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce ba komai, Allah ya kai mu.

Kafin a kai ga maganar shiru, ya kamata a hau tsani a ga abin da ke saman, domin mafi yawan masu gida ba su taɓa hawa ba. Ha'incin rufi ba ya ganuwa daga ƙasa. Kwano yana da tudu yana da kwari, kuma ruwa ta kwarin yake bi. Ƙa'ida ita ce a buga ƙusa mai hula a kan tudu, ta ratsa ta kama katakon da ke ƙasa. Yaron da ake koya wa aiki, ko wanda yake sauri ya sauka kafin rana ta yi zafi, yakan buga ta goce ba ta sami katako ba, ya zare ta ya sake bugawa a gefe, ya bar huda a buɗe. Huda ɗaya kamar ta allura ce a ido, amma a daren Agusta tana iya cika bokiti. Sai kuma haɗin kwano da kwano. Ya kamata kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi a gefe, a tsaye kuma ya hau da kimanin inci 6, fiye da haka ma idan rufin ba shi da gangare sosai. Wanda yake son bandir ya yi masa auki, ko yake son fallaye biyu su ragu ya tafi da su, sai ya rage hawan. Ruwan da iska ta koro sai ya bi ta ƙarƙashin haɗin ya shige. Gwanin kafinta ma har la'akari yake yi da inda hadari yake tasowa, ya jera fallayen yadda bakin haɗin zai ba gabas baya. Kafintoci nawa ne yau suke tsayawa wannan lissafi?

Ƙarƙashin kwanon kuma akwai katako, kuma a nan ne kuɗi ya fi zurarewa. An yi lissafi da tu-bai-fo, an kawo tu-bai-tiri. An yi lissafin busasshen katako, an kawo ɗanye wanda bai daɗe da barin injin yanka ba. Idan ya bushe a saman gini sai ya murɗe, ƙusoshi su sakwarkwace. An karɓi kuɗin maganin gara, an shafa baƙin mai sama-sama a inda ido zai kai. Katakan da ake jerawa a kwance don kwano ya zauna a kansu an buɗa tsakaninsu, har idan mutum ya taka kwanon sai ya lotsa. Mafi muni shi ne ɗauri. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman ta gefe da kusurwa. Idan ba a dasa rodi ko langa-langa a cikin kankaren linta an naɗe katakon da ke kwance kan bango da shi ba, to rufin aza shi kawai aka yi. Shi ya sa bayan kowace guguwar bazara ake ganin rufi ɗungurungum, da katakonsa da kwanonsa, a kwance a gonar maƙwabci. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da muke gani an jera a saman gidaje shaida ce ta cewa masu gidan ba su yarda da ɗaurin da aka yi musu ba.

Wani abin kuma yayi ne ya kawo shi. Yanzu kowa so yake a ja masa bango ya haura ya ɓoye kwano, gida ya yi kama da na birni. Rufin da aka ɓoye a bayan bango gangarensa kaɗan ne, kuma duk ruwansa a magudana ɗaya yake taruwa. Idan ba a yi magudanar da faɗi ba, ba a liƙe mahaɗar kwano da bango da kyau ba, ruwa zai kwanta ya koma ciki. Aiki ne mai son ƙwarewa, amma kafintan da bai taɓa yin sa ba ba zai ce bai iya ba. Zai ce, "Ai wannan ba wani abu ba ne, Alhaji."

Da ba haka abin yake ba, kuma ba don mutanen da sun fi mu tsoron Allah ba ne kawai. Rufin soro, na azara da ƙasa, da jinkar ɗakin ciyawa, duka suna neman hannu kowace shekara. Kafin damina a yi ciko, a sake yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo, a baibaye ɗakin da ciyawarsa ta ruɓe. Saboda haka magini da mai gida ba sa rabuwa. Wanda ya yi maka rufi bara shi zai dawo bana, kuma idan ya yi algus shi zai tarar da abinsa. Ga shi ɗan unguwa ne, an san ubansa, an san wanda ya koya masa. A manyan garuruwa kuma akwai Sarkin Magina, wanda ake kai wa ƙara idan aiki ya ɓaci, kuma maganarsa tana iya hana mutum samun aiki a garin. Zazzau ta san darajar wannan sana'a fiye da ko'ina. A nan Babban Gwani, Malam Mika'ilu, ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara da bakan gizo, har yau kuma akwai unguwa da sunansa. Ginin ya yi kusan shekara 190 kafin wani sashensa ya rufta ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Ba ina cewa a koma rufin ƙasa ba ne. Wanda ya taɓa kwana yana tsoron azara ta karye a kansa ba zai yi kewar wannan zamani ba. Abin lura shi ne, da kwano ya zo ya kori soro, ya tafi da tsarin da ke riƙe da maginin, kuma ba a kawo wani a madadinsa ba. Kwano aikin sau ɗaya ne. An buga, an biya, an rabu. Kafintan yana iya zama mutumin Zariya ko Kano ko wani gari da aka ɗauko don an ga aikinsa a hoton waya.

A takarda, ba a rasa hukumomi ba. Akwai Dokar Gine-gine ta Ƙasa da aka fitar a 2006. Akwai CORBON mai yi wa ƙwararrun magina rajista, wadda aka kafa a 1989. Akwai KASUPDA mai ba da izinin gini a Jihar Kaduna. Akwai SON mai kula da ingancin kaya, wadda ta sha kama kwanon da kaurinsa bai kai ƙa'ida ba. Hukumar NBTE mai kula da ilimin sana'a ma hedikwatarta a Kaduna take, ga Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya suna yaye masana gini kowace shekara. Amma mutumin da yake rufa ɗaki biyu da falo a Gubuchi, wanne daga cikin waɗannan ya taɓa leƙo shi? Duk an tsara su ne don manyan gine-gine da manyan 'yan kwangila. Ƙaramin gini, wanda shi ne mafi yawa, an bar shi tsakanin mai gida da kafinta da amana.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya zauna da kafintoci zai ji nasu ƙorafin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Mai gida zai kira mutum uku su yi masa lissafi, ya ɗauki mafi araha, sannan ya zauna ya yi ta ragi har sai kuɗin aikin ya koma abin da ba zai biya yara ba. Kafinta ya ce a sayi kwano mai kauri, mai gida ya tafi kasuwa da kansa ya sayo mai shara-shara wanda ake iya lanƙwasawa da yatsa biyu, don bambancin kuɗin bandir ya tsone masa ido. Kafinta ya ce katako kaza ake bukata, a ce masa ya yi dabara. To, dabarar ita ce buɗa tsakanin katakai da rage hawan kwano. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma masu gidan da idan an gama aiki sai su riƙe cikon kuɗi ba gaira ba dalili, kafinta ya yi ta sintiri har ya gaji ya bar wa Allah. Irin waɗannan ne suka koya wa masu sana'a cewa abin da ba ka karɓa ba kafin ka sauko daga tsani, ka yi bankwana da shi.

Ga kuma halin da kasuwa ta shiga. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, farashin kayan gini bai zauna wuri ɗaya ba. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan yanayi, kafintan da ya yi jinga a dunƙule, kaya da aiki, ya karɓi kuɗi yau, ya je Sabon Garin Zariya bayan mako biyu, zai iya tarar da kuɗin ba za su sayi abin da ya lissafa ba. Hanya biyu ce a gabansa: ya dawo ya faɗi gaskiya, ko ya rage inganci ya yi shiru. Mafi yawa ta biyun suke bi. Wasu kuma kuɗin wannan aiki suke toshe ramin wancan da shi, su karɓi kafin alƙalami a gida uku lokaci guda, kowane gida a buga katako biyu a tafi, don kada mai shi ya ba wani.

A ganina shirun ya fi yoyon ciwo, kuma ya fi shi ɓarna. Kuskure a aikin hannu ba abin mamaki ba ne. Gwani ma ƙusarsa takan goce. Huda uku da za a toshe cikin awa ɗaya da ɗan kwalta ko sabuwar ƙusa mai roba, idan aka bar su wata biyu ana "gobe, jibi", sai silin ya ruɓe ya faɗo, katako ya jiƙe gara ta samu hanya, bango ya tsotsi ruwa, wayar lantarki ta shiga haɗari, hatsin da aka ajiye a ɗaki ya yi funfuna. Kuma duk tsawon lokacin mai gida ba ya iya kiran wani, domin yana jiran wanda ya yi alkawari. Da kafintan ya ce tun ranar farko, "Alhaji, ba zan samu zuwa ba sai bayan mako biyu, ka sa wani ya toshe, ni zan biya," da asarar ba ta kai haka ba. Me ya hana shi? Mun taso a al'adar da cewa "ba zan iya ba" ko "na yi kuskure" a gaban babba yake da nauyi a baki, amma alkawarin da aka san ba za a cika ba yake da sauƙi. Ana ɗaukar sa ladabi. Har "in Allah ya yarda" an mayar da ita mafakar wanda tun a zuciyarsa bai yi niyya ba, wannan kuwa abin a ji tsoro ne.

Shi ma mai gida kunyar tana cin sa ta nasa ɓangaren. Yana jin nauyin ya ce a rubuta, kada a ce bai yarda da mutum ba, musamman idan surukinsa ne ya kawo kafintan ko kuwa sahu ɗaya suke sallah. Yana jin nauyin ya hau sama ya duba. Yana jin nauyin ya ƙirga fallayen kwano a gaban mai aiki. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma ba a saukar da ita don munafukai kaɗai ba. Kuɗin da ka ba kafinta kafin ya yi aiki bashi ne a wuyansa. Cikon da ya rage bayan ya gama bashi ne a wuyanka.

Idan abu ya riga ya ɓaci, ina za a dosa? Abin da mutanenmu suka fi sani shi ne ofishin 'yan sanda, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Sai idan akwai zamba a fili, kamar wanda ya karɓi kuɗi da niyyar gudu. Ko an kama shi ɗin ma, abin da yake biyo baya sananne ne: 'yan'uwa su zo beli, a rubuta takardar alkawari, kowa ya kashe kuɗi, a fito da gaba, ɗaki kuma yana nan yana zuba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a gama masa a kan lokaci, a sanar da shi idan jinkiri ya zama dole, a kuma yi aikin da ingancin da mai hankali zai sa rai. Idan ba haka ba a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Abin sha'awa ne a ce doka ta ɗauki sanar da jinkiri a matsayin haƙƙi, ba alfarma ba. Amma ofisoshin hukumar suna manyan birane, kuma da wuya manomi ya bar gonarsa a tsakiyar damina ya bi sawun ƙorafi a can.

Abin da ya fi kusa shi ne mai unguwa da dagaci, sai shugabannin ƙungiyar kafintoci inda take da ƙarfi, sannan kotu. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, Jihar Kaduna take da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya a gefen na majistare, kuma rigimar jinga tsakanin Musulmi biyu abu ne da alƙalin kotun shari'a yake saurara. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, daga Risala zuwa Mukhtasar, bai bar maganar masu sana'a a baya ba. Malamai sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya tafi da su inda mai su ba ya gani, don kare dukiyar jama'a. Wanda ya yi aiki a gidan mai kaya kuwa, ana kama shi ne idan an tabbatar da sakaci ko ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai. To, a nan ake yin ta. Alƙali zai tambaya: me kuka yi da shi? Wane kwano, wane katako, zuwa yaushe? Mai gida ya ce kaza, kafinta ya ce ba haka aka yi ba, babu takarda, shaidan da ke wurin kuma ya ce shi dai ya ga an miƙa kuɗi. Sai a koma rantsuwa ko sulhu, sulhun da yawanci mai gida ne yake yafe rabi.

Wanda yake cikin wannan hali yanzu, shawarata ita ce kada ya yi gaggawar kiran wani kafinta ya kware rufin. Ya fara ɗaukar hoto da bidiyo lokacin da ruwan yake zuba, ya sa wani gwani ya hau ya duba a gaban shaidu biyu ya faɗi abin da ya gani. Sannan ya aika wa mai aikin saƙo a rubuce, ko na murya ta WhatsApp, ya sa masa rana takamaimai, ya kuma gaya masa cewa idan ranar ta wuce zai sa wani ya gyara ya nemi kuɗinsa. Idan ya je wurin mai unguwa ko wanda ya koya wa kafintan sana'a, ya je da waɗannan a hannu. Zagi a waya da tonon silili a Facebook suna huce haushi, amma suna ba mai laifi abin fakewa, ya ce ai an ci masa mutunci.

Gyaran gaskiya dai yana can a farkon ciniki, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. A Faransa, tun dokar farar hula ta 1804 magini yake ɗauke da alhakin gininsa har shekara 10, a 1978 kuma aka wajabta masa inshorar da za ta biya idan aibi ya fito. A nan gida ma, kwangilar gwamnati da ta manyan kamfanoni ba a biyan ta duka ranar da aka gama. Ana riƙe wani kaso, yawanci 5 cikin 100, sai bayan wata shida ko shekara an ga aikin bai nuna aibi ba. Gwamnatin da take da injiniyoyi da lauyoyi ba ta yarda ta biya duka ba, sai manomin da ya tara kuɗin rakensa na shekara biyu ne zai biya duka ranar da aka buga ƙusar ƙarshe?

Abin da ya dace da mu bai fi ƙarfin fallen takarda ɗaya ba, da Hausa, boko ko ajami. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Kaya a je kasuwa tare a saya, ko mai gida ya saya bisa lissafin kafinta, kada ya rage ko falle ɗaya. Idan ya rage, a rubuta cewa shi ya rage. A rubuta irin kwanon da kaurinsa, girman katako, da yadda za a ɗaure rufin da gini. A rubuta ranar farawa da ranar gamawa. Kuɗin aiki a biya shi kashi-kashi: wani a farko, wani idan an gama katako, kuma kafin a ɗora kwano mai gida ko wanda ya amince da shi ya hau ya gani, domin wannan ce kaɗai ranar da ƙashin rufin yake a fili. Kada a buga silin sai ruwa ya sauka sau biyu ko uku, in da hali. Sannan a bar wani kaso, ko da ɗaya bisa goma na kuɗin aikin ne, sai damina ta yi nisa.

Na san abin da kafintoci za su ce, kuma suna da hujja: wa zai tabbatar musu cewa mai gida zai biya idan lokacin ya yi? Mutumin da yake da kuɗi a Fabrairu, a Agusta ya zuba komai a taki da kuɗin ƙwadago, ko na cefane sai ya yi da gaske. Wannan gaskiya ne, shi ya sa bai kamata cikon ya zauna a aljihun mai gida ba. A fitar da shi tun ranar da aka gama aiki, a damƙa wa wanda su biyun suka yarda da shi, mai unguwa ne, limami ne, ko shugaban ƙungiyar kafintoci, a rubuta ranar da za a miƙa shi, misali ƙarshen Agusta. Idan ranar ta zo ɗaki bai zuba ba, kafinta ya karɓi abinsa ba sai ya roƙi kowa ba. Idan ya zuba aka kira shi ya zo ya gyara, ya karɓa. Idan aka kira shi bai zo ba cikin kwanakin da aka rubuta, a biya wanda ya gyara daga ciki. Kafintan kirki ba abin da zai rasa a wannan tsari, sai ma ya samu hujjar neman kuɗin aiki mai tsoka, tunda shi ya yarda a gwada aikinsa da ruwa. Ƙungiyoyin kafintoci na Makarfi da Ikara da Kudan za su iya buga irin wannan takarda su raba wa mambobinsu, hakimai kuma su umarci dagatai da masu unguwanni su riƙa karɓar ajiyar, tun kafin kuɗin raken bana su shigo a fara ɗora katako.